Daga tiya zuwa sikeli: tarihin haƙƙin mai saye a kasuwannin ƙasar Hausa

Kowace shekara, ran 15 ga watan Maris, ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye suna taruwa a Yamai da sauran manyan biranen duniya domin raya ranar mai saye. Da yawa daga cikin masu jin jawaban wannan rana suna ɗaukar maganar a matsayin baƙuwa, wadda ta zo mana daga Turai tare da kanti da takardar saye. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tun kafin Nasara ya ci Damagaram cikin shekara ta 1899, kasuwannin ƙasar Hausa suna da dokokinsu da masu tsaron dokokin, kuma wanda aka cuta a ciniki ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

In aka bi diddigin al'amarin, za a tarar haƙƙin mai saye yana tsayuwa bisa duwatsu uku, kamar tukunya bisa murhu. Na farko, ma'auni wanda kowa ya sani, mai saye da mai sayarwa. Na biyu, mai kaya wanda ake iya samu idan aibi ya bayyana. Na uku, hukumar da za a kai wa ƙara, ta saurara, ta kuma hukunta. Duk zamanin da ɗaya daga cikin ukun ya goce, talaka ne tukunyarsa ke zubewa. Tarihin da za mu bi a nan, tarihin waɗannan duwatsu ne: yadda aka girka su, yadda suka goce, da yadda ake neman mayar da su.

Abin da malamai suka karantar

Tushen farko yana cikin karatun da aka daɗe ana yi a zaurukan malamai. Alƙur'ani yana da sura guda mai suna Muɗaffifina, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu cika mudu in suna saye, su tauye shi in suna sayarwa. Labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana ma a kan awo ya ta'allaƙa. A cikin hadisi an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki alhali samansa a bushe yake, sai ya tsawata wa mai kayan, ya nisanta mai algus daga jama'arsa. Daga nan aka samo aikin hisba, aka kuma samo muhtasibi, wato jami'in da ke zagaya kasuwa yana duba mudu da ma'auni da ingancin kaya.

Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasashenmu suke bi, ta yi zurfi cikin wannan babi. Yahaya ɗan Umar, malamin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, ya bar littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen kasuwa tun ƙarni na 9. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 996, da Muhtasar na Halil, littattafai ne da kowane almajirin ilimi ya sani daga Agadas har Katsina, kuma dukansu suna da babin ciniki. A cikin wannan fiƙihu an hana ɓoye aibin kaya. An hana mutum ya ƙara kuɗin haja ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani ya saya da tsada. An hana tarbar masu kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su ji farashi. An hana barin saniya ko akuya kwana da kwanaki ba tatsa don hantsarta ta cika ta yaudari mai saye. An hana ɓoye abinci lokacin da jama'a ke matse. An hana sayar da abin da ba a san yawansa ko kamanninsa ba, irin wanda Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Mafi muhimmanci, an ba mai saye ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Waɗannan hukunce-hukunce sun fita daga takarda sun shiga fada. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya ratso ta Ayar ya sauka Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ne tarihin Kano ya danganta wa kafa kasuwar Kurmi. Daga baya Magili ya wuce Gawo, inda Askiya Muhammadu ya yi masa tambayoyi, ciki har da batun masu ha'inci a awo da masu gauraya kaya. Amsarsa ita ce hana wannan aiki da daidaita ma'aunai suna wuyan sarki. Shekaru ɗari uku bayan haka, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abin da ma'aikatan sarakuna ke ɗiba daga kayan ƴan kasuwa cikin zaluncin da ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi, ƙanensa Abdullahi kuma ya yi bayanin aikin hisba cikin rubuce-rubucensa a kan mulki.

Kasuwa da sarakunanta

Tushe na biyu shi ne tsarin sarauta. Kasuwar Hausa ba ta taɓa zama fili marar mai shi ba. Akwai sarkin kasuwa da ke raba rumfuna yana sasanta rigima. Akwai sarkin fawa da ke da alhakin abin da aka yanka, wanda ya kamata ya hana a sayar da mushe ko naman dabba mai ciwo. Akwai korama a wajen ma'auna hatsi, da sarkin dillalai a wajen tufafi da dabbobi. Kowace sana'a tana da shugaban da ake kamawa in ɗaya daga cikin mutanensa ya yi ɓarna. Sarautun Katsinar Maraɗi, da na Gobir a Tsibiri, da na Damagaram duk sun gaji irin wannan tsari, ko da yake sunayen muƙamai sukan bambanta daga gari zuwa gari.

Wani baƙo ya bar mana shaida a kan yadda abin yake gudana. Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya, ya zauna Kano a farkon shekara ta 1824, ya kuma rubuta abin da ya gani a kasuwa. Ya ce shugaban kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna, shi ke tsayar da farashi, kuma ana bin ƙa'ida ba sani ba sabo. Ya lura mai sayarwa yakan mayar wa mai saye wani ɗan abu daga cikin kuɗin, kimanin kashi 2 cikin 100, da sunan albarka. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne batun riga da turkuɗi. Ana rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin tufar. Idan an kai ta har Barno aka kwance aka tarar ba ta da kyau, sai a mayar da ita Kano, dillali ya nemo mai ita, a tilasta masa ya biya kuɗin.

Mai karatu ya dubi wannan al'ada da kyau. Tsakanin Kano da Barno tafiyar makonni ce bisa raƙumi ko jaki, amma ƴar takardar nan ta haɗa mai saye da mai saƙa. La'adar da dillali ke ci, ladan jingina sunansa ne. Ya san mai kaya, ya san gidansa, kuma in ya yi ƙarya sau ɗaya fatake za su daina sauka wurinsa. Haka fatoma, mai masaukin baƙi, yake tsaya wa baƙonsa a ciniki. Abin da ake kira garanti a kantunan yau, ga kakansa nan.

Bai kamata a yi wa wancan zamani ado fiye da kima ba. Da babu masu tauye mudu, da malamai ba su yi ta nanata wa'azi a kansu ba. Masu muƙaman kasuwa sukan mayar da muƙamin hanyar ci. Kuma a cikin kasuwar da ake mayar da riga saboda aibi, a nan ake sayar da ɗan Adam. Fiƙihu ya ba mai sayen bawa kwana uku na lamuni, wanda in wani abu ya sami bawan a cikinsu hasarar tana kan mai sayarwa. Dokar ta kare mai kuɗi, ta bar wanda aka sa wa kuɗi. Duk da haka, a abin da ya shafi hatsi da nama da tufa, duwatsun nan uku suna nan a girke: mudun gari sananne ne, mai kaya yana da suna da unguwa, alƙali kuma yana zaune kusa da kasuwa.

Zuwan sikeli

Mulkin mallaka ya kawo ma'auni sabo. Faransa ta ƙirƙiro awon mita da kilo a shekara ta 1795, ta wajabta shi a ƙasarta daga 1840. A ilmance, kilo ya fi tiya adalci, domin kilon Maraɗi shi ne kilon Marsai, alhali tiyar wannan kasuwa ba ta zama daidai da ta waccan. Sai dai adalcin ma'auni yana tare da iya karanta shi. Tiya ido ke ganinta: mace ta san cikakkiya, ta san wadda aka shafe, ta san wadda aka bubbuge wa gindi. Sikeli kuwa lambobi ne da allura, kuma a wancan lokaci ƴan kaɗan ne suka shiga lakol.

Gujiya ce ta shigo da sikeli ƙauye. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gujiya ya bunƙasa a arewacin Najeriya, daga baya ya haura zuwa Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai. Manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO, wanda aka kafa a Marsai a 1887, da SCOA, suka buɗe kantuna. Hukuma ce ke sa ranar buɗe cinikin gujiya da wuraren da za a yi shi. Manomi dole ya sayar, saboda lanho da tamma ake biyansa, wuri ya daina karɓuwa. Yana miƙa buhu, akawu ya ɗora bisa sikeli, ya faɗi nauyi, ya rage na buhu da na ƙasa, ya faɗi kuɗi. Daga nan manomin ya juya zuwa kantin kamfanin da ya sayi gujiyarsa, ya sayi yadi da sukari da kwano da fitila a farashin da kamfanin ya yanka. A kai biyu na cinikin, ɓangare ɗaya ne ya san lissafi.

Duwatsun uku duk sun motsa a wannan zamani. Ma'auni ya koma hannun mai saye gujiya, wanda shi ne kuma mai sayar da kayan kanti. Mai kaya ya yi nisa: wanda ya saƙa yadin yana Manchesta ko Ruwan, ba dillalin da zai nemo shi. Wurin ƙara kuma ya zama bariki, inda kwamandan ke hukunci ƙarƙashin dokar indijena, wadda ba a soke ba sai a 1946. Faransa ta yi babbar doka a kan algus da ha'inci cikin kayan sayarwa ran 1 ga Agusta 1905, amma talakan Gobir ko na Damargu ba shi da hanyar da zai bi ya ci moriyarta. Wani abu ɗaya da jama'a suka riƙe shi ne lissafin kuɗi da harshensu. Sunan dala, wanda asalinsa na tsohon kuɗin azurfa ne mai hoton Mariya Tereza, ya koma kan tamma biyar, kuma har yau da shi ake ciniki: abin da takarda ta ce 100, kasuwa ta ce dala ashirin.

Lokacin da gwamnati ta shiga kasuwa

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ga maganin cutar shi ne ta karɓe cinikin da kanta. A shekara ta 1962 aka kafa SONARA domin sayen gujiya, da COPRO-Niger domin shigo da kayan masarufi, da ONPPC domin magunguna. A 1970 aka ƙara da OPVN, ma'aikatar cimaka, wadda aka ɗora wa sayen hatsi da kaka da sayar da shi da rahusa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Gwamnati ce ke yanka farashin abubuwa da dama, masu binciken farashi kuma suna zagaya kantuna.

A wannan shekara ta 1962, can a Amurka, Shugaba John Kennedy ya aika wa majalisar ƙasarsa saƙo ran 15 ga Maris, inda ya lissafa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kada kaya su cuce shi, a sanar da shi gaskiyar abin da zai saya, ya sami zaɓi, a kuma saurari kokensa. Daga wannan saƙo ne ranar mai saye ta samo asali, aka fara raya ta a 1983. A watan Afrilun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kare masu saye, waɗanda aka sake dubawa a 1999 da 2015. Ƙungiyoyin masu saye na duniya sun faɗaɗa huɗun nan suka zama takwas, da ƙarin biyan buƙatun yau da kullum, da diyya ga wanda aka cuta, da ilmantar da mai saye, da muhalli mai tsabta. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala zai gane fuskoki da yawa cikin wannan jeri.

Hanyar da Nijar ta bi ta bambanta da ta Amurka. Can an bar ɗan kasuwa ya yi cinikinsa, aka sa masa mai tsaro. Nan gwamnati ta zama ɗan kasuwa kuma mai tsaro a lokaci guda. Tsarin ya yi amfani a wasu fannoni, musamman wajen magani, inda aka san mashigarsa guda ce. Amma yana da rauni babba: in mai kaya shi ne alƙali, wa za a kai wa ƙara? Farin da ya kama Sahel daga 1968 zuwa 1974 ya tona wannan rauni. Hatsi ya yi wuya, aka yi ta zargin cewa taimakon da ya shigo yana ɓullowa a kasuwa, kuma wannan zargi yana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnati ran 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kunce ya tsananta bincike a kan masu ɓoye abinci, sai dai tsoron mutum ɗaya ba ya zama doka mai ɗorewa.

Cikin shekarun 1980, da kuɗin yuraniyom suka faɗi, bashi ya yi nauyi, sai aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni. Aka janye wa kamfanonin gwamnati ikon da suke da shi su kaɗai, aka sakar wa farashi mara. Gwamnati ta fita daga rumfa, amma ba ta koma kujerar muhtasibi ba. Kaya suka yi ta kwararowa ta iyakar Najeriya da ta Kwatano, daga masana'antun da ba wanda ya san inda suke.

Darasin 1994 da 1995

Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa 50 ta koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, magani a kan gaba. Wanda ya kasa sayen magani a farmasi sai ya koma wurin ƴan tebur da masu yawo da shi bisa kai cikin rana. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. A fannin magani kuwa, araha takan yi kisa.

Shekara ɗaya bayan haka aka ga iyakar abin. A 1995 annobar sanƙarau ta faɗa wa Nijar, ta kama mutane fiye da 40,000. Cikin taimakon da aka samu har da allurar rigakafi da ta zo daga Najeriya a matsayin kyauta, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin magani na Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. Da aka bincika, sai aka tarar jabu ne, ba sinadarin rigakafi a cikinsa, kamfanonin da aka sa sunansu kuma suka ce ba su suka yi shi ba. Kafin a ankara an riga an yi wa mutane fiye da 50,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 2,500 sun rasu ta wannan dalili.

A gwada wannan da rigar Kano ta 1824. Can suna ne ke cikin ƙunshi, kuma sunan yana kai wa ga mutum. Nan ma akwai suna bisa kwalba, amma na sata ne, ba ya kai wa ga kowa. Uwar da ta kai ɗanta layin allura ba ta da idon da zai bambance mata ruwa da magani, kamar yadda take bambance hatsi mai ƙaiƙayi da wankakke. Kayan zamani sun fi ƙarfin idon mai saye, dole sai da ɗakin gwaji da hukuma mai haƙori. Najeriya ta kafa hukumar NAFDAC a 1993, bayan mutuwar yara fiye da 100 a 1990 sanadiyyar maganin zazzaɓi na ruwa da aka haɗa da guba, kuma hukumar ta yi suna wajen yaƙi da jabun magani daga 2001 ƙarƙashin Dora Akunyili. Matsalar ba ta kau ba: a 2015 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar.

Shekara ta 2005: masu saye sun yi magana

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin fararen hula, ciki har da na kare masu saye, irin su ADDC-Wadata. An daɗe ana yi musu kallon ƙungiyoyin ƴan boko na Yamai, sai a 2005 aka ga ƙarfinsu. A farkon shekarar, dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 bisa kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, da ruwan famfo da wutar lantarki. Wannan ya zo ne bayan daminar 2004 wadda ƙarancin ruwa da fara suka ɓata. Ƙungiyoyin masu saye da na ƙwadago da na kare haƙƙin ɗan Adam suka haɗu cikin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, Nuhu Arzika yana cikin jagororinsa. Ran 15 ga Maris, ranar mai saye ta duniya, dubban mutane suka yi jerin gwano a Yamai. Mako guda bayan haka aka yi zaman gida, kasuwanni da shaguna suka kasance a rufe. Damagaram da Maraɗi da Tawa ma sun motsa. An kama wasu jagororin, daga baya aka sake su, kuma a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga fulawa da madara, ta sassauta a kan ruwa da wuta.

A wannan karo masu saye suka tsaya a matsayinsu na masu saye, suka sa aka canza doka. Amma shekarar tana da wata fuska. A watannin Yuli da Agusta, buhun hatsi mai kilo 100 ya kusanci jika 30 a kasuwanni da dama, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a jahar Maraɗi, alhali hatsi yana nan a kasuwa ga mai kuɗi. Manomin da ya sayar da tiya da arha lokacin kaka don ya biya bashi, shi ne ya dawo ya saye ta ninki biyu ko uku da bazara ta wuce. Muryar birni ta kai fada, ta ƙauye ba ta kai ba. Tsohuwar tambayar malaman fiƙihu a kan ɓoye abinci ta dawo da ƙarfinta, ba tare da muhtasibin da zai amsa ta ba.

Doka a takarda, tiya a kasuwa

A shekara ta 2015 Nijar ta samu dokar da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare masu saye. Najeriya, wadda yawancin kayan kasuwanninmu na kudu ke fitowa daga cikinta, ta sabunta tata dokar a 2019. Wannan ci gaba ne, sai dai doka da Faransanci take, ciniki kuwa da Hausa da Zabarmanci ake yinsa. Har yanzu tiya, wadda ake ƙiyasta ta kusan kilo biyu da rabi na hatsi, tana da babba da ƙarama, kuma kowa ya san wadda ake saye da ita a ƙauye da wadda ake sayarwa da ita a birni. Litar ƴan ruwa-ruwa kwalba ce da ba wanda ya auna. Ga kuma sababbin ma'aunai da ido ba ya gani ko kaɗan: na'urar awon wuta da ta ruwa, da kuɗin waya da ke ƙarewa mutum bai san yadda aka lissafa ba.

A nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Darasin lissafi yana iya fara wa da tiya uku daga kasuwanni uku, a auna su bisa sikeli gaban yara. Darasin karatu yana iya zama karanta ranar lalacewar da ke jikin gwangwanin madara ko kwalin magani, da sanin amfanin karɓar takardar saye. Darasin Hausa yana iya tattara kalmomin da kakanni suka bari, algus da tauye mudu da gyara da la'ada da korama, domin yaro ya san haƙƙin da ake faɗa masa da Faransanci yana da suna a gidansu. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, waɗanda suka daɗe suna wa'azi da raha a rediyo da dandali, suna da labari a shirye cikin rigar da aka mayar daga Barno.

Akwai kuma abin da ya kamata a tuna wa magabata. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ma'aikatun magajin gari ne ke karɓar kuɗin kasuwa, kowace ranar kasuwa da tikitinta. A tsarin da, wanda ya karɓi kuɗin rumfa shi ke da alhakin mudu. Hukumar da ta gaji kuɗin ta gaji alhakin. Tiya guda mai hatimi da sikeli guda a bakin kowace kasuwa, inda duk mai shakka zai je ya sake awo kyauta, da mutum guda sananne da za a kai wa kuka, ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Kasuwar Kurmi ta yi fiye da haka shekaru ɗari biyu da suka wuce, da alƙalami da tawada da ƴar takarda cikin ƙunshin riga.